Filin Tambaya da Amsa: Robar ɗibar maniyyin ingarmanmu ta yi danƙo

TAMBAYA: Salam Likita, dan Allah a taimaka. Ni ke kula da bargar kawuna a nan Daura, bara ya sayo kayan ɗibar maniyyin doki daga waje saboda muna da ingarma ɗan Ajantina kuma mutane sun dame mu da kawo goɗiyoyi barbara. Duk sanda aka yi aiki ina wanke kayan tas da omo da Dettol in shanya a rana in maida akwatin ƙarfe cikin sito, to yanzu na buɗe na iske robar ciki, wadda ingarma ke sa gabansa a ciki, ta yi danƙo tana manne ma hannu har ta fara tsattsagewa, kuma goɗiyoyin da aka ɗura ma maniyyin ba wadda ta ɗauka. Kawu yace jabu aka saida mashi. Mi ye gaskiya? Daga mai karatunku a Daura.

AMSA: Wa alaikassalam ɗan uwa. Ka ba kawu haƙuri, ni dai ban ga alamar jabu ba a bayaninka, wankin ne da ajiyar suka cinye robar, kuma kar ka ji komi don kusan kowa haka yake farawa, a tunaninmu ai tsafta sai an ji ƙamshin sabulu.

Robar nan tana shan duk abinda aka sa mata. Omo, sabulu, Dettol, ko ka ɗauraye sau goma akwai ɗan saura da ke maƙalewa, kuma wannan ɗan sauran ya isa ya kashe ƙwayoyin maniyyi, kai kana ganin kwalba ta cika fari tas alhali abinda ke ciki ya daina motsi. Da an gama ɗiba, kafin abin ya bushe a jiki, ka zubda ruwan ɗumin da aka ɗura don ɗumama robar ka juyo ta ka wanke da ruwan zafi zalla, sai ka ɗauraye da tataccen ruwa irin na kemis don ruwan rijiya da na bohol wani yana da gishiri-gishiri yana barin farin tabo. Daga nan ka tsoma ta cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 kamar minti 20, ka rataye a ɗaki cikin inuwa ta bushe ƙarau. Ƙarau fa nace, don shi kanshi ruwa da sifirit ɗin in suka taɓa maniyyi kashe shi suke.

Sai batun rana da akwatin ƙarfe, nan ne ka gama da ita. Kai ma ka san zafin Daura a Afrilu, inuwa ma tana haura digiri 40, to ina ga sito mai kwanon rufi da akwatin ƙarfe a ciki? Ka tuna yadda robar gwafa take yi in yara suka yar da ita a rana, haka taka tayi. Ka nemi kabad na katako mai rufi a ɗakin da yafi ko ina sanyi a gidan, ka rataye ta a miƙe ko ka kwantar ba tare da ninkewa ba don daga bakin ninki take fara tsagewa, da hunturu ka sa ta cikin leda mai tsabta bayan ta bushe saboda ƙura. Ɓera da kyankyaso ma suna sonta wlh. Kar a aje kusa da janareta ko jarkar fetur. In naku ƙirar Missouri ce mai rigar fata, rigar gogewa kawai ake a bar ta ta sha iska, ba a jiƙa ta.

Baka faɗi man da kuke shafawa a bakin robar ba amma ina zargin basilin ne, shi kowa ke ɗaukowa. Basilin narkar da irin wannan roba yake. Akwai man da akayi musamman wanda baya kashe maniyyi, shi zaku nema, a shafa kaɗan a bakin kawai.

Maganar goɗiyoyin da basu ɗauka ba kuma bazan ɗora ma omo duka ba. Kuna da ma'aunin zafi kuwa? Cikin robar ana so ya kai digiri 45 zuwa 48 kafin ingarma ya yarda, ita kuma kwalbar da maniyyin ke sauka kusan 37 kamar zafin jiki, a rufe ta daga hasken rana. Masu gwadawa da yatsa su suka fi ƙona maniyyi. Sannan akwai lokacin da goɗiya ke neman namiji, yana juyowa kusan duk kwana 21 kuma in an kuskure ranakun an yi aikin banza ko da maniyyin lafiya lau ne. Ku samu likitan dabbobi mai madubin ƙara girman ƙananan abubuwa ya ɗiga digo ɗaya na maniyyin ya duba motsin ƙwayoyin nan take, in babu kusa asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya zasu iya nuna maku hanya.

Wannan robar dai ta tafi, kar ku sake sa ma ingarma ita, tsagar nan ƙwayoyin cuta ke ɓuya ciki kuma zata iya goge mashi gaba ya ƙi hawa gaba ɗaya. In za'a yi sabon oda a sayo biyu, a haɗo da matatar da ke raba kaurin maniyyi da ruwansa, da ledar ciki ta amfani ɗaya a yar, ko da yake wasu ingarmun basu son ledar sai an lallaɓa. Kuma ranar da maƙwabci ya zo aron kayan don nashi dokin, ka ce kawu ya hana.