Jari ya maƙale: bashin dila ko na banki?

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a Gusau. Kuɗina sun maƙale a hannun masu cin bashi, ga azumi ya ƙarato, kuma ina neman naira 500,000. Dilana a Kasuwar Singa ta Kano zai ba ni kaya in biya 530,000 bayan wata ɗaya, wato ƙarin kashi 6 cikin ɗari. Wani ƙaramin banki kuma ya ce kashi 5 cikin ɗari duk wata, na wata huɗu, ana biya mako-mako. Ai biyar ba ta kai shida ba, ko?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya buɗa kasuwa. A takarda biyar ce, a aljihunka ba biyar ba ce. Bankin zai lissafa ruwansa a kan 500,000 ɗin gaba ɗaya har wata huɗu, wato 100,000, alhali tun makon farko ka fara mayar da uwar kuɗin. In ka auna, kusan rabin kuɗin kawai kake juyawa a tsawon lokacin. Ruwan ya doshi kashi 9 duk wata ke nan, kafin kuɗin fom da ajiyar dole. Ka tambaye su nawa zai shigo hannunka, nawa kuma za ka biya jimilla.

Ƙarin dila 30,000 ne, kuma da cinikin kayan za ka biya. Amma fa sai kayan da ke tafiya: sukari, gero, man girki, madara. In kayan suka kwana wata biyu a shago, ka ɓata da mutumin da ya yarda da kai, abin da ya fi 30,000 ciwo. Yawancin malamai sun halatta ƙarin farashi saboda jinkiri, muddin an yanke shi tun wurin ciniki.

Bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da TAJ suna yin murabaha: su sayi kayan, su sayar maka da riba sananniya. Sai dai takardu da masu tsaya maka na cin lokaci, azumi kuwa ba ya jira.

Manhajojin bashi na waya kam, ina roƙonka ka nisance su. Na ga dattijo yana kuka an tura wa surukansa saƙon cin mutunci.

Da ni ce, zan karɓi kayan 300,000 a wurin dila, in roƙi uwar adashi ta matso mini da kwasata, sannan in ɗauki littafin bashin nan in bi gida-gida kafin a ga wata.