Baƙi Sun Taho, Ina Za Mu Kai Su?

*Kawu, surukata za ta zo daga Kano ta yi mako biyu a wurinmu. Maigidana takalma yake sayarwa a kasuwar Kejetia, ba mu da ƙarfi. Ina tsoron ta koma ta ce ba mu kai ta ko'ina ba, har barci ya fara gagara ta. — Wata baiwar Allah, Aboabo*

Kwantar da hankalinki, 'yata. Wadda ta taso tun daga Kano ɗanta da jikokinta ta zo gani. Kuma Kumasi kaɗai ta ishe ku. Ku kai ta gidan tarihi na Fadar Manhyia, ta ga kayan sarautar Asante. Wata rana ta zaga Kejetia da sassafe kafin cunkoso, a nuna mata inda ake cinikin goro. Za ta ji daɗin wannan, domin goron dazukan nan ne fatake suke ɗauka ta Salaga har Kano, shi ya sa har yau ake cewa goro ɗan Gwanja. Idan da ɗan rara, tafkin Bosomtwe bai wuce kilomita 30 da 'yan kai ba, motar haya ta trotro na zuwa. Ki dafa waake a gida ki zuba a kula, kada ku dogara da abincin bakin tafki. Abu ɗaya da za ki kira ki tuna mata tun yau: katin allurar shawara. Biza ba ta buƙata, amma katin nan ana tambayarsa a kan iyaka.

*Kawu, abokina zai zo daga Yamai, kwana biyu kacal. Ina son ya ga giwayen Mole, ya taɓa kada a Paga, mu kuma yi wanka a teku a Cape Coast. — Wani matashi, Asawase*

Kai yaro, ka taɓa duba taswira kuwa? Paga na kan iyakar Burkina, Cape Coast na bakin teku, ƙasar ce gaba ɗaya a tsakaninsu. Ka zaɓi ɗaya. Ni kudu zan ce: gidan bayi na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, da na Cape Coast, washegari da asuba ku wuce dajin Kakum ku hau gadojin igiya bakwai da aka ɗaura a saman itatuwa. Ka riƙe Ghana Card ɗinka, kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban yake da na baƙo. Wankan teku kuwa ban yarda ba. Ruwan gaɓarmu yana ja ta ƙasa, mutumin da ya saba da kogin Kwara bai san shi ba. Mole sai ya samu kwana huɗu a rani, lokacin da giwaye ke taruwa a mashaya, ku haɗa da tsohon masallacin Larabanga da ke kusa da ƙofar dajin.

*Kawu, ƙanwata daga Kaduna na son kente na biki. Na ga wani mai araha ƙwarai a kasuwa, in saya mata? — Hajiya, Sawaba*

Hajiya, ki dakata. Wannan magana tana ci mini rai, don haka ki yi haƙuri in yi tsawo.

Abin da kika gani da wuya ya zama kente. Atamfa ce aka buga mata zanen kente a inji, yawanci daga waje ake shigo da ita. Kente na gaskiya saƙi ne. Masaƙi yana zama a masaƙarsa ya fitar da shi siriri, faɗinsa kamar tafin hannu, sannan a jera a ɗinke ɗaya da ɗaya har ya zama zane. Aikin makonni ne, wani ma watanni. To ta yaya za a sayar miki da shi a kuɗin atamfa? Ki juya bayansa: na hannu zanen ya fito gaba da baya, na inji bayansa a koɗe yake. Ki shafa, ki ji tudun zare da layin ɗinki. Ki ɗaga, na gaskiya yana da nauyi.

Ba laifi ba ne sayen na inji idan an faɗa maka na inji ne, yara su sa a makaranta ranar 6 ga Maris, bikin 'yancin kan Ghana. Abin da ke ƙona ni shi ne a ga baƙo bai iya Tuwi ba, a miƙa masa bugu a kuɗin saƙi. An yi wa wani baƙona haka shekarun baya, ya kai wa uwargidansa tsaraba, wankin farko ya zuba. Ya daɗe bai sake kira na ba, don ni na bar shi ya shiga kasuwa shi kaɗai. Kuma kowane zanen jabu da aka saya, wani tsoho ne a Bonwire, garin masaƙa, aka cire wa abinci a baki, alhali a 2024 UNESCO ta sa saƙar kente cikin al'adun duniya da ya kamata a tsare.

Bonwire da Adanwomase ba su da nisa da Kumasi. Ki je da ƙanwarki da kanki, ku ga masaƙi a kan aiki, ku taya a gabansa. Kada ku bi ɗan kamashon da zai tare ku a tasha, kuɗinsa a kanku zai fita. Idan kuɗin cikakken zane bai kai ba, ta sayi gyale ɗaya na gaskiya.

*Kawu, an yi wa baƙona tayin garin zinare a otal, rabin farashi. — Alhaji, Alabar*

A'a, Alhaji. Ko ya zama tagulla, ko ya zama na gaske a kama shi da cinikin zinare ba lasisi. Idan sarƙa yake so, ka raka shi shagon maƙeran zinare, a auna a gabansa, a ba shi rasit.