Tambaya da Amsa: Katangar Gidan Madaki

Tambaya: Malam, me ya sa ba a yi wa katangar Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a jihar Bauchi yaɓen siminti domin ta daɗe? Daga mai karatu a Gombe.

Amsa: Malam, wannan gida, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, yana cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta ba kariya tun 1956, saboda haka ba a sauya masa siffa. Da tubalin ƙasa da azara aka tayar da shi, aka rufe ɗakunansa da bakan gizo, wato ginshiƙan ƙasa masu lanƙwasa da ke ɗauke da rufi. Siminti kuwa yana kulle danshi a cikin bangon ƙasa har ya ruɓe daga ciki. Abin da katangar take buƙata shi ne yaɓen ƙasa da makuba kafin damina, da gyaran indararo.