An ce Jamus ta durƙushe: in karɓi fasfonta ko in ƙara gaba?

Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Funtuwa ne, shekarata ta bakwai ke nan a Jamus. Na yi koyon sana'a a nan, yanzu ina aiki a wata masana'anta kusa da Hannover da ke ƙera wa kamfanonin mota kayan haɗi, kuma ina da takardar zaman dindindin. Kwanan nan an fara raɗe-raɗin rage ma'aikata. Abokaina sun ce Jamus ta gama yayi, gara mu nufi Kanada ko Ingila tun da sauran ƙarfinmu. Ni kuma ina tunanin neman zama ɗan ƙasa. Matata da ɗanmu suna gida, ina son su taho, amma Hajiyata ta ce in har zan ɗauke matata, sai in ƙara aure a gida don ta samu mai zama da ita. Ina mafita?

Wa alaikumus salam ƙanena. Abokanka ba ƙarya suka yi ba da suka ce Jamus tana cikin wani hali. Tattalin arzikinta ya ja baya a 2023, ya sake ja baya a 2024. Kafin yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, fiye da rabin iskar gas ɗin da take saye daga waje daga Rasha yake zuwa, da araha, kuma a kan wannan arahar masana'antunta suka ginu. Gas ɗin ya yanke, kuɗin makamashi ya tashi, ga shi a watan Afrilun 2023 ta rufe tashoshin nukiliyarta uku da suka rage. Ta ɓangaren mota, inda abincinka yake, Sin da ta daɗe tana zama babbar kasuwar kamfanonin motar Jamus ta koma abokiyar gogayya: a 2023 motocin kamfanin BYD na Sin sun sha gaban na Volkswagen a kasuwar Sin. A Disambar 2024 Volkswagen ya yi yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall cewa zai rage guraben aiki dubu 35 a Jamus nan da 2030, kuma duk lokacin da babban kamfani irin wannan ya tsuke aljihu, ƙananan da ke kai masa kaya, irin naku, su ne suke fara jin jiki. Raɗe-raɗin da kake ji yana da tushe.

Amma durƙushewa daban, rama daban, kuma komai ramar giwa ta fi kwando goma. A shekarar 2023 ɗin nan da ake cewa ta ja baya, a cikinta ta wuce Japan ta zama ta uku a girman tattalin arziki a duniya, bayan Amurka da Sin. Ita ce ta fi kowa yawan jama'a a Tarayyar Turai, mutum fiye da miliyan 83, ita ce kuma ta fi kowa zuba kuɗi a asusun Tarayyar. Ba ta da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta da makamin nukiliya nata na kanta, har yau sojojin Amurka suna jibge a sansanin Ramstein da ke cikin ƙasar. A Sahel ma ta janye, sojojinta sun bar Mali a ƙarshen 2023, sun bar Yamai a Agustan 2024. Martabarta tun bayan yaƙin duniya na biyu a kan kuɗi da ƙira take, da kuma cewa ba a yanke wata babbar magana a Turai sai an ji ta bakin Balin. Wannan bai gushe ba. A Maris 2025 majalisarta ta gyara tsarin mulki don a ciwo bashi, aka ware yuro biliyan 500 na gyaran hanyoyi da layin dogo da gadoji da makarantu. Gyaran ya zama dole, tunda har gada ta rufta a Dresden a 2024, amma ka lura ƙasar da ta talauce ba ta samun masu ba ta irin wannan rance cikin sauƙi.

Abin da ya fi shafarka shi ne tsufan jama'arta. Waɗanda aka haifa da yawa bayan yaƙi suna ta yin ritaya, kuma cibiyar binciken hukumar ƙwadago ta ƙasar ta daɗe tana cewa sai an samu ƙarin baƙi kamar dubu 400 duk shekara kafin yawan ma'aikata ya tsaya inda yake. Mai takardar sana'a ta Jamus a hannu, mai jin Jamusanci, in masana'antar mota ta sallame shi, akwai layin dogo, akwai kamfanonin lantarki, akwai masu haɗa injina. Ƙila albashin ya ɗan ragu, ƙila sai ka sauya gari. Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ka koma sahun farko a wata ƙasa.

Su Kanada da Ingilar ma ai sun tsuke ƙofa. A Oktoban 2024 Kanada ta rage adadin waɗanda za ta bai wa zaman dindindin a 2025 daga dubu 500 zuwa dubu 395. Ingila ta ɗaga albashin da ake buƙata kafin a ba ƙwararren ma'aikaci biza zuwa fam 38,700 a Afrilun 2024, ta sake ɗagawa a 2025, kuma tun Maris 2024 ta hana masu zuwa aikin kula da tsofaffi tahowa da iyalansu. Shekarunka bakwai na Jamus ba wanda zai lissafa maka su a can. Kuma takardar dindindin ɗin da kake taƙama da ita, sunanta ne kawai dindindin: a ƙa'ida, in ka bar ƙasar ka wuce wata shida ba tare da ofishin baƙi ya ƙara maka wa'adi tun kafin ka tafi ba, ta mutu. Sai ka wayi gari can ba ka kafu ba, nan kuma an rufe.

Don haka shawarata ita ce ka nemi zama ɗan ƙasa, kuma kada ka yi jinkiri. Dokar da ta fara aiki ranar 27 ga Yunin 2024 ta rage shekarun jira daga takwas zuwa biyar, ta kuma yarda mutum ya riƙe fasfonsa na asali. Tsarin mulkin Najeriya bai hana wanda aka haifa ɗan ƙasa riƙe na wata ƙasa ba, saboda haka koren fasfonka yana nan. Dalilin da ya sa na ce ka gaggauta siyasa ce. A zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta zo ta biyu da kusan kashi 21 cikin ɗari, kuma gwamnatin Friedrich Merz da aka kafa a watan Mayu ta riga ta soke hanyar gaggawa ta shekara uku da waccan dokar ta buɗe. Shekara biyar da fasfo biyu sun tsira, amma majalisar da ta yi doka ita ce mai iya sauya ta. Izinin zama ana iya taɓa sharuɗɗansa. Wanda ya zama ɗan ƙasa bisa gaskiya kuwa ya fita daga hannun ofishin baƙi. In ma daga baya zuciyarka ta nace sai ƙasar da ake Turanci, da fasfon Jamus za ka shiga Ailan ka kama aiki ba biza, haka sauran ƙasashen Tarayyar Turai.

Sharuɗɗan ba su fi ƙarfinka ba. Jamusanci matakin B1, wanda mai koyon sana'a ya riga ya wuce. Jarrabawar sanin ƙasa mai tambaya 33, ana cinta da amsa 17, kuma wanda ya yi makaranta a Jamus sau da yawa ana ɗauke masa, sai ka tambaya. Kuɗin nema yuro 255. Rashin babban laifi a kotu. Amincewa da tsarin mulkinsu a rubuce, har da nauyin tarihin da suka ɗora wa kansu kan abin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Ka karanta takardar da kyau kafin ka sa hannu, kuma ka san abin da kake rubutawa a Facebook. Sai sharaɗin da ya haɗu da damuwarka: dole ka iya ciyar da kanka da iyalinka ba tare da tallafin Jobcenter ba, wato ofishin da ke ba marasa abin hannu tallafin gwamnati. Kuɗin yara da gwamnati ke biyan iyaye ba ya cikin tallafin da ake nufi. A manyan birane jira yakan wuce shekara, kuma halin da kake ciki ranar yanke hukunci shi ake dubawa, don haka ka shigar da takardu yanzu da kake da aiki, ka kuma fara neman wani aikin a ɓoye tun ba a kira ka ofis ba.

In aka kira ka, kada ka sa hannu a takardar rabuwa ta yardar juna nan take, komai daɗin bakin manaja. Wanda ya sa hannu da kansa, hukumar ƙwadago tana iya riƙe masa kuɗin rashin aiki har mako 12. In takardar sallama aka ba ka, mako uku kacal gare ka ka kai ƙara kotun ma'aikata, in ya wuce shi ke nan. Ka sanar da hukumar ƙwadago wata uku kafin aikin ya ƙare, ko cikin kwana uku in wa'adin bai kai haka ba. Kuɗin da za su ba ka inshorarka ce da aka yi ta cira daga albashinka, kashi 60 na abin da kake karɓa, ko 67 ga mai ɗa, ba sadaka ba ce, kuma ba ita ce tallafin Jobcenter ba. In ba ka cikin IG Metall ka shiga, suna ba mambobinsu lauya.

Akwai abin da yake kayar da mutanenmu fiye da jarrabawa: takardun haihuwa. Ofisoshin jakadancin Jamus ba sa buga wa takardun Najeriya hatimin amincewa kai tsaye. Bincike suke sawa a yi, a tura lauya har garinku ya duba rajista, ya tambayi makaranta da dangi, kai kuma ka biya kuɗin. In ranar haihuwar da ke fasfonka ta saɓa da ta takardar firamare ko ta NIN, ko sunan mahaifi ya zama sunan gari a wata takardar, ka je wurin lauya ka gyara ta hanyar gaskiya kafin ka nema. Kada ka bari wani ɗan kamasho ya buga maka sabuwa. Ɗan ƙasancin da aka samu da ƙarya ana iya ƙwace shi cikin shekara goma. Takardar aurenku da ta haihuwar yaron ma irin wannan bincike za su sha, sai ka haɗa su tun yanzu.

To, maganar Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Addini ya halatta maka ƙarin aure, ba ni da ja a nan. Sai dai dokar Jamus ta faɗa ƙarara cewa ba a ba mai mata fiye da ɗaya ɗan ƙasanci, ko da an ɗaura auren ne a inda doka ta yarda. Ba sa kuma ba mata ta biyu izinin zama in ta farko tana tare da miji a ƙasar. Bayan ka zama ɗan ƙasa ma ƙofar ba ta buɗe ba, don aure a kan aure laifi ne a kundin hukuncinsu. Wasu za su ce maka a ɗaura a masallaci a yi shiru, wa zai sani? Fom ɗin zai tambaye ka, ka sa hannu, in ka ɓoye ka faɗa cikin waccan shekara goman. Ranar da aka haihu kuma, kana son yaron ya samu takarda, dole maganar ta fito. Ita yarinyar da za a aura fa? Za a ajiye ta ne tana jinya, mijin da take gani wata guda a shekara, ba ta da hanyar zuwa inda yake. Ni ban ga adalci a ciki ba.

Buƙatar Hajiya ta gaskiya mai ɗebe mata kewa ce da mai kula da ita, da kuma tabbacin cewa ɗanta bai ɓace mata ba. Ka zauna da yayyenka da kawunnanka, a samu wata daga dangi da za ta dawo gidan da zama, kai ka ɗauki nauyinta da kuɗin wata tsayayye wanda ba ya jiran sai an roƙa. Sannan ka fahimtar da Hajiya abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: fasfon nan shi ne zai ba ka damar zama kusa da ita. Yau in ta kwanta ciwo ka zo jinya, idonka yana kan wata shida. Da fasfon Jamus kana iya shekara biyu a Funtuwa ka koma ba mai tambayarka. Fanshonka ma, da yake ka haura shekara biyar kana biya, yana nan, kuma ana biyansa ko a gida ka yi tsufa. Ka dai riƙa sabunta koren fasfo a Balin ko Frankfurt, don da na Jamus kaɗai sai ka nemi biza kafin ka shiga ƙasarku, kuma in kana Najeriya hukuma ɗan Najeriya take ɗaukarka.

Game da uwargida, ta fara koyon Jamusanci tun yanzu. A ƙa'ida ana neman shaidar matakin farko na A1 kafin biza, kuma cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe da ke Legas tana shirya jarrabawar. Akwai rukunin ƙwararrun ma'aikata da aka ɗauke wa matansu wannan sharaɗi, amma su kuma ana duba albashinsu. Matar ɗan ƙasa ana neman harshen a wurinta, ba a cika tsananta maganar albashi ba. Wanne za ka fara nema, bizarta ko fasfonka, ya danganta da irin izinin da ka riƙe kafin na dindindin da kuma ƙarfin albashinka, tunda zuwansu zai ƙara bakin da za a lissafa maka. Ka ɗauki katin zamanka da takardun albashi na wata shida ka je ofishin ba baƙi shawara na Caritas ko Diakonie ko AWO a garinku, kyauta suke yi, su jera maka wanda zai riga wani kafin ka biya ko sisi.