Tara leda da roba a ƙauye: daga ina ribar take fitowa?

Wani ɗan tireda daga wani ƙauye kusa da Wudil ya aiko da tambaya. Ya ce yana da naira dubu 400 a ajiye, ledar fiya wata da gorunan lemo sun cika juji da gonaki, har awaki na ci suna mutuwa. Ya ji ana cewa gwamnati za ta hana leda, kamfanoni kuma za su riƙa biyan masu tarawa. Shin ya sayi injin niƙa roba ne?

Malam, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Amma kada ka sayi inji yanzu. Inji yana son wuta ko dizal, yana son kaya kullum, kuma sharar ƙauye ɗaya ba za ta ciyar da shi ba.

Abin da ke cinye ribar wannan sana'a kuɗin mota ne. Ɗauki buhu, ka cusa masa gorunan ruwa har baki, ka ɗora a sikeli, za ka ga kilo kaɗan ne, sauran duk iska. Direba kuwa wurin da kaya suka cinye yake caji, masana'antun roba na Sharaɗa da Challawa da Bompai kuma nauyi suke biya. Saboda haka a taka kowace gora ta lanƙwashe, a shanya leda ta bushe a kakkaɓe ƙasa, don dillali zai zaftare maka kuɗin laima da datti. A ware kaya tun daga tushe: gorar ruwa da lemo daban, fasasshen bokiti da jarka da kujera daban, leda daban, gwangwanin alminiyam daban, shi ma maƙera masu zuba tukwane na nemansa. Kayan da aka cakuɗa, farashin mafi arha a cikinsu ake ba su. Kafin ka sayi ko kilo ɗaya, shiga Kano ka zauna da masu saye biyu ko uku, ka ji irin da suke karɓa da farashinsu. Ka kuma sani farashin yana motsi da na ɗanyen mai da dala, domin sabuwar roba daga man fetur ake yinta. Idan ta yi arha, tsohuwa sai ta faɗi.

Batun doka kuma, ga abin da ke ƙasa. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017. Legas ta haramta farin mazubin abinci na soso a Janairun 2024, gwamnatin tarayya ma ta hana robar amfani sau ɗaya a ma'aikatunta a shekarar. Hukumar NESREA, mai kula da bin dokokin muhalli ta tarayya, tana da tsarin da ke ɗora wa kamfani nauyin kwashe mazubin kayansa bayan an yi amfani da shi. Tsari ne mai kyau, sai dai kuɗinsa ya fi zagayawa a manyan birane, don haka kada ka sa shi a lissafinka. Ni a ganina dokar da ta fi aiki ita ce wadda ta sa wa shara daraja. Kai ɗan tireda ne, ka san kwalbar lemo ba ta kwana a juji, tunda sai an dawo da ita ake ba da wata. A Jamus haka suke yi da gorar roba, ana riƙe santi 25 na yuro, sai ka mayar da gorar a ba ka.

Wannan dabarar tana hannunka. Rataye sikeli a bakin shago, matan aure su aiko da abin da suka tara, ka biya da sabulu, gishiri ko ashana. Ka sami kaya a farashin sari, ka kuma ƙara ciniki. Naira dubu 100 ta isa gwaji; sauran kuɗin su zauna a tireda har ka sayar da lodin farko ka ga abin da ya rage bayan kuɗin mota da lebura.

Kada kuma ka raina abin da ya saura a jujin. Yawancin sharar gidan ƙauye toka ce da ƙaiƙayi da kashin dabbobi, wato taki. Tun zamanin kakanni jakuna ke fitar da shi daga birnin Kano a mangala zuwa gonaki. Yanzu da takin zamani ya yi tsada, juji da aka tsince wa leda, aka bar shi ya ruɓe, manoma za su saya kafin faɗuwar damina, kuma amalanke ta isa kai shi.

Ƙarfe da tagulla sun fi kawo kuɗi, amma nan ne rigimar jari-bola take, har Borno ta hana sana'ar a 2023. Kada ka karɓi waya, murfin kwalbati ko kan famfo daga hannun kowa. Ka sanar da mai unguwa da dagaci kafin ka fara, ka ajiye littafin da kake rubuta wanda ya kawo kaya, kuma rumbun ajiyar ya yi nesa da murhu da janareto.