Amatic SC a takardar farashin abinci

Ɗan'uwa, ka tambaya ko salon haruffan kwamfuta (font) mai suna Amatic SC Bold zai dace da takardar farashin gidan abincinka. Zai dace, amma a kanun rubutu kawai. Vernon Adams ne ya zana shi, kyauta yake a shafin intanet na Google Fonts. Haruffansa dogaye ne, matsattsu, kamar an ja su da alƙalami, shi ya sa "Tuwon shinkafa da miyar kuka" zai shige layi guda. Duk manyan baƙaƙe ne, kada ka ƙanƙanta shi wajen bayani, ido zai gaji. Kafin ka kai wurin bugawa, gwada ɓ, ɗ da ƙ tukuna, ka ga ko suna fitowa. Na sha ganin ɗan akwati a gurbin ƙ, abin na damuna.