Keken ɗinkin bargo: yabon da kika gani a waya bai isa a tura kuɗi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗinka zanin gado da bargo mai faiba a ciki, irin na kayan ɗakin amare, kuma a gida nake aikina a Ɗorayi. Kekena Butterfly ne na ƙafa, ya fara gazawa. Na kwashi adashi ina so in sayi na wuta. Na ga wani a intanet, masu saye sun ba shi taurari kusan biyar, kowa sai yabo. In tura kuɗin ko in dakata?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa wa sana'a albarka. Ki dakata tukuna, ba don ina zargin keken ba, sai don taurarin nan ba su gaya miki abin da kike buƙatar sani ba. Duk wanda ya yabi keke, a kan aikinsa ya yabe shi. Abin da za ki fara bincika shi ne, masu yabon nan me suke ɗinkawa?

Yawancin dogayen sharhin da ake samu a shafuka irin su Amazon, mutanen Amurka da Ingila ne ke rubuta su. Da yawansu ɗinkin bargo sha'awa ce gare su. Mace za ta yi watanni tana harhaɗa 'yan ƙyallayen auduga marasa nauyi a bargo guda, a ɗaki mai tsabta, wuta ba ta ɗaukewa. Idan ta ce keke bai taɓa ba ta matsala ba, gaskiya ta faɗa. Ke kuwa da lokacin biki ya kama bayan Sallah, ko sanyi ya shigo a Disamba, sai ki wuni a kan keke kina tura yadin Kwari ninki biyu da faiba a tsakiya, ga ƙurar hunturu na shiga ko'ina. Akwai ma batun wuta: ta Amurka bolt 120 ce, tamu 230, don haka keken da aka yi wa kasuwar Amurka sai da transfoma zai yi miki aiki.

Ban ce ki watsar da sharhi ba, yana da amfani idan an iya karanta shi. Ki tsallake masu cewa "ya yi kyau, na gode", domin galibi ranar da aka buɗe kwali aka rubuta. Ki nemi na masu taurari biyu da uku, su ne ke zama su bayyana inda ke musu yoyo. A cikinsu ma ki tace: wanda ke fushi don kaya sun makara ko kwali ya yage, da mai kawowa yake faɗa, ba da keke ba. Amma idan mutum uku ko huɗu da ba su san juna ba suka ce yana tsallake ɗinki a kan kauri, ko zare na cukurkuɗewa a ƙasa, ko mota na zafi, to wannan halin keken ne, kuma a hannunki sai ya fi haka. Ki kuma lura da kwanan wata. Yabo da yawa a rana ɗaya, da kalmomi iri ɗaya, abin tuhuma ne. Haka bidiyon TikTok da Facebook: a ƙyalle ɗaya mara kauri ake gwaji, kuma wasu masu nunawar kyauta aka ba su keken.

Abin da ya fi damuna da sharhin nan shi ne ba kasafai yake taɓo abubuwan da ke kashe ɗinkin bargo ba. Keke na yau da kullum haƙoran ƙasa ne kaɗai ke jan yadi, ƙafar sama danna kawai take yi. A kan atamfa babu laifi. A kan bargo kuwa yadin ƙasa na gudu, na sama na jan jiki, faiba na zamewa a tsakiya. Na taɓa tsayawa a kan wata mai sana'a irin taki tana fama da haka. Ta fara layi bakin yadin biyu daidai, kafin ta kai ƙarshe na sama ya zarce na ƙasa da faɗin yatsu uku, tsakiya duk ya tattare. Ta ɗauki reza ta zauna farkewa, uwar amarya kuma na ta kiran waya. Kekenta sabo ne fil, kuma mai suna ne. Don irin wannan aka ƙera keken da ƙafarsa ke tafiya tare da haƙora, yana jan sama da ƙasa lokaci guda. Sai kuma tazarar da ke tsakanin allura da jikin keke, inda za ki cusa bargon idan kin naɗe shi. A kekunan gida ba ta cika wuce inci 6 zuwa 7 ba, bargon babban gado kuwa kin san yadda yake cika hannu.

Kada gudu ya ruɗe ki. Juki DDL-8700 da ya cika shagunan teloli yana iya ɗinki 5,500 a minti, amma don yadi mara nauyi zuwa matsakaici aka yi shi, na kauri shi ne mai harafin H a ƙarshe. Suna ɗaya, aiki daban, kuma mai sharhi ba lallai ya faɗi wanne ya saya ba.

Sharhin da na fi yarda da shi a Kano yana bakin masu gyaran keke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa kullum cikin kekunan mutane suke. Ki samu biyu, ɗaya a unguwarku ɗaya a wajen Fagge ko Sabon Gari, ki tambaye su wane iri ne ya fi yawan dawowa gyara, kuma wanne ne ake samun allurarsa da kwarkwaronsa da bel ɗinsa a nan ba sai an aika Legas ba. Keken da zai kwana goma yana jiran ƙaramin ƙarfe a tsakiyar lokacin biki, ya cinye ribar da arharsa ta ba ki. Ki kuma tambayi wata mai ɗinkin bargo da ta shekara da nata.

Daga nan sai ki haɗa guntun bargo da kanki, yadi biyu da faiba mafi kaurin da kike sawa, ki tafi da shi shagon masu keke a Sabon Gari. Gani ya kori ji. Ki ce a jona, ki zauna ki ɗinka dogon layi, ki ninka gefe ki hau kansa, ki juya ki duba bayan ɗinkin. Mai shagon da ya hana ki gwadawa, ki yi masa sallama ki shiga na gaba.

Batun kuɗi kuma, kada adashin ya ƙare a kan keke kaɗai. Ki tambayi irin motar da ke jikinsa. Motar da ake kira servo, wato wadda ba ta juyawa sai an taka, ta fi mai kuloci, wadda ke ta juyawa muddin an kunna, sauƙin shan wuta, kuma za ki ga bambancin a man janareta ko batirin sola. Ki ware na allura mai lamba 18 zuwa sama, da mai, da yadin aiki biyu ko uku. Ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar keken da tsawon garanti. Butterfly ɗin nan kuma kada ki sayar, ki kai a wanke shi a ajiye saboda ranar da babu wuta.